WA MUKE YI WA DARIYA?

Jawabin da wani dattijo ya yi wa samarin Jega da Aliero da Maiyama, a wani taro da suka yi a Jega.



Na gode da kuka bar gonakinku da rumfunanku kuka zo. Maganata yau a kan dariya ce, amma kada ku zaci wasa na zo yi.

Tun kafin talabijin ya shigo ƙasar nan, watau Ibadan a 1959, Kaduna kuwa a 1962, Bahaushe ya san amfanin ba'a. Sarakuna sukan ajiye wawan sarki a fada, shi ke faɗa wa sarki abin da waziri ke tsoron faɗi. In azumi ya kwana goma, yara sukan fita tashe, su kwaikwayi boka da gwauro da marowaci, kowa ya ga halinsa ya ji kunya.

Da talabijin ya zo, sai ya gaji wannan aiki. Manyanku sun tuna Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi yake yi daga Kaduna, yana kwaikwayon zaman bariki a lokacin da soja ke riƙe da ƙasa. Sun kuma tuna Idon Matambayi na gidan NTA Sakkwato, tun muna cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Jihar Kabi a 1991. Gida ɗaya ke da akwati, unguwa duka ta taru a ƙofarsa.

To, yanzu wani sabon salo ya yi yawa. Za a ɓoye kyamara, a tsorata bawan Allah ko a ruɗe shi, sa'an nan a nuna wa duniya. A Amurka abin ya yi suna tun 1948, cikin shirin Candid Camera. Yau kuwa duk yaron da ke da waya ya zama gidan talabijin. Da idona na ga wasu samari a kasuwar nan ta Jega sun tare wani tsoho mai albasa daga Aliero, suka ce masa an sace buhunansa. Tsoho ya zube ƙasa yana salati, su kuwa suna ɗaukar hotonsa suna ƙyalƙyala dariya. Ina tambayarku, wane laifi ya yi? Shi ya hana taki isowa a kan kari? Shi ya bar asibiti ba magani?

Ku lura da abin da masu mulki ke ƙyalewa da wanda ba su ƙyalewa. A Masar, wani likita, Bassem Youssef, ya yi ta yi wa shugabanni ba'a a talabijin, amma a 2014 tilas shirinsa ya tsaya. Shirin Ramez Galal na firgita mutane kuwa ya ci gaba da fitowa azumi bayan azumi. Nan kusa da mu, a Kano, cikin Nuwamba 2022, kotu ta sa aka yi wa samari biyu bulala ashirin ashirin, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda sun yi wa Gwamna Ganduje shaguɓe a TikTok. Ashe dariyar da ta gangara kan talaka ba ta da mai tsawatawa, wadda ta hau sama ita ake ɗauko wa dorina.

Saboda haka ina roƙonku abu uku, ku masu sha'awar wasan kwaikwayo. Na farko, ku bar mai talla da ɗan dako su nemi abincinsu, kada ku nuna fuskar kowa sai da yardarsa. Na biyu, ku juya kyamara wajen alkawarin da aka yi ranar neman ƙuri'a, da rijiyar burtsatse da aka yi bikin buɗewa ba ta taɓa ba da ruwa ba. Na uku, ku tsaya kan gaskiya. Ba'a daban, ƙazafi daban. Ku taɓa aikin mutum, ku bar iyayensa da iyalinsa. Wawan sarki bai yi ƙarya ba, shi ya sa maganarsa ke shiga.

Shugaban da ya iya jure dariyar talakawansa, lalle ya iya jin kukansu. Wanda bai iya ba kuwa, ku riƙe shi a zuci har ranar zaɓe.

Allah ya ba mu shugabanni masu haƙuri, mu kuma ya ba mu kunya. Wassalam.