Kwana Biyu A Tsibirin Sawakin

Makon jiya ba ku ji muryata ba, na ɗan samu hutu ne na bar Alhilla Kuku na nufi gabas, bakin Bahar Maliya, garin Sawakin.

In dai kana harkar tumaki ka san sunan. A kasuwannin Saudiyya ragon Sudan "Sawakini" ake ce masa, alhali yawancinsu a Kurdufan da Darfur aka kiwata su. Tashar da suka bi ce ta ba su suna. To yau ga garin da kansa.

Mun bi ta Atbara da Hayya, muka gangaro duwatsun Sinkat. Sawakin na kudu da Fot Sudan da kamar kilomita 60. Tsohon garin wani ɗan tsibiri ne kewayayye a cikin lungun teku, kana iya zagaye shi da ƙafa kafin shayinka ya huce sosai. Wata 'yar hanya da aka cike a zamanin Gordon ta haɗa shi da tudu, inda mutane ke zaune yanzu.

Abin da ya fara kama idona shi ne ginin. Ba laka ba, ba bulo ba, dutsen murjani ne da aka haƙo daga teku. Gidaje masu hawa biyu da uku, a da. Murjani kuwa yana son a riƙa shafe shi da farar ƙasa, in aka bar shi sai gishirin iska ya cinye shi. Turawan Ingila sun ga mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci, suka gina Fot Sudan, aka buɗe ta a 1909. Fatake suka kwashe, aka bar gidajen ba mai shafe su. Yau galibi kango ne, sai kyanwoyi da ke yawo a ciki. Mutanen gari na cewa kar ka kuskura ka doki kyanwar Sawakin, wai ta aljanu ce. Ni dai ban gwada ba. Masallatan Hanafi da Shafi'i ne ke tsaye tsaf, Turkiyya ta gyara su, kuma shugabanta Erdogan ya ziyarci tsibirin a Disamban 2017.

Amma ba kango ne ya sa na daɗe a bakin ruwan ba. Da yawa daga cikinmu Hausawan Sudan, wannan gaɓar ce dalilin zamanmu a nan. Kakanni sun taso daga Kano, Sakkwato, Katsina da Maraɗi da ƙafa ko bisa jaki, su yi shekaru a hanya, su tsaya Jazira su yi ƙwadagon auduga, su tara kuɗin jirgi, sannan su iso nan su haye zuwa Jidda. Wasu sun haye, wasu guzuri ya ƙare suka kafa gida. Na zauna ina shan gahawar Beja mai citta, ina kallon ruwan, ina tunanin kakana da ya zo har nan sau biyu kafin Allah ya nufa ya tsallaka.

Yanzu ga abin da ya shafi aljihunku. Tashar Usman Digna, mai sunan jagoran yaƙin Mahadi a gabas, daga nan ake lodin dabbobi. Kun tuna watan Yunin 2022, jirgin Badr 1 ya nutse a wannan tasha da tumaki fiye da 15,000, alhali ƙarfinsa kusan 9,000 ne. Ma'aikatan sun tsira, tumakin da aka ceto ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Dukiyar shekaru ta tafi a dare ɗaya, ko barin tasha ba a yi ba.

Saboda haka, Alhaji, in kana da kaso a lodi, kar ka tsaya kan maganar dillali kaɗai. Ka tambayi ƙarfin jirgin da adadin da za a zuba masa, ka kuma tambayi ko akwai inshora, a rubuce. Kai kuma makiyayi, rigakafi ba ɓata kuɗi ba ne. A Oktoban 2019 Saudiyya ta rufe ƙofa ga dabbobin Sudan saboda zazzaɓin Rift Valley, bayan an buɗe kuma an sha dawo da jirage cike da raguna saboda gwajin jini ya nuna rigakafin bai kama ba. Ragon da ya je Jidda ya dawo ya rame, ga kuɗin ciyawa da ruwa a wurin killacewa duk a kanka.

Wanda zai je, ya je da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Zafin bazara a can ba wasa ba ne. Ku riƙe takardar shaida saboda shingayen hanya, ku shiga tsibirin da sassafe, kuma ku bi a hankali kusa da tsofaffin bangaye, har yanzu suna zubowa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu leƙa kasuwar Muwailih mu ji farashin shanu.