Hutun Ƙarshen Mako a Dogon Dutsi

Dogon Dutsi ne birni mafi kusa da mutanen Dogon Kiriya ke iya sauka su yi Asabar da Lahadi. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi, kuma dutsen da ke tsaye a gefensa ne ya ba shi suna. Da sanyin safiya ya fi daɗin hawa, kafin rana ta buɗe.

Mai son tarihi sai ya nufi arewa, ya ratsa Matankari, tsohuwar cibiyar sarautar Arewa, ya ƙarasa Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa a 1899.

Abinci kuwa, a Dogon Dutsi na bakin titi ya fi na otal armashi. Da hantsi akwai fura da nono, da rana dambu da zogale, bayan magariba kuma masu tsire da balangu sun hura wuta. Idan sanyi ya ja baya, dankalin turawan da manoman rani ke nomawa a lambunan garin yakan cika kasuwa da araha.

Hanyar Lugu ba kwalta ba ce, don haka rani ya fi damina dacewa da wannan tafiya.