Jawabin mushen lakwal a taron ƙungiya: gizo-gizon furen dakwara

 

Maganata ta yau a kan wani ɗan ƙaramin gizo-gizo take, wanda ke zama cikin furen dakwara da na bagaruwa a dajin nan namu na Gure. Yara na kashe shi da sun gan shi, wai shi ne tautau mai fitsari. Alhakinsa suke ɗauka.

Da farko a ƙidaya ƙafafu. Gizo-gizo ƙafa 8 gare shi, jikinsa kashi 2, ba shi da fiffike. Ƙwaro kuwa ƙafa 6 ne, jiki kashi 3. A shekara ta 2022 irin gizo-gizon da masana suka ba suna ya kai 50.000, kuma kaɗan ne ƙwarai cikinsu ke cutar da mutum.

Namu masana na kiran danginsa Thomisus. Ga alamunsa. Macen ba ta cika wuce santimeta 1 ba, namijin bai kai rabinta ba. Ƙafafunsa 4 na gaba sun fi na baya tsawo, yana buɗe su kamar mai shirin kokawa. Da gefe yake tafiya irin ta ƙaguwa. Ba ya saƙar tarko, kwanto yake yi cikin fure. Macen takan sake launi cikin ƴan kwanaki, fara a farin fure, rawaya a furen bagaruwa. Abincinsa ƙuda da malam-buɗe-littafi, wani lokaci har zuma. Dafinsa na ƙwari ne, ba na mutum ba.

To, bororon da ke fitowa a wuyan yaro da damina fa? Sau da yawa aikin hangara ne, wadda ke cin bunin hatsinmu. In an murje ta a jiki, ruwanta ke ƙona fata. A hure ta, kada a murje, a wanke wurin da sabulu. In kuwa ƙuraje suka jeru a gefe guda na jiki da zafi kamar wuta, wannan ciwo ne daga cikin jiki. A kai mai shi likita, kada a tsaya neman tautau a rufin ɗaki.

Iyaye, in yaro ya ga irinsa, ku ce ya rufe shi da kwalba, ya ƙidaya ƙafafu, ya kawo lakwal mu duba, sannan a maida shi dajinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.