Birki Kafin Gudu: Jawabi Kan Zaɓen Takalmi Da Faifan Birkin Mota



Da Sakatare ya aiko mini da takardar gayyata, na san abin da yake tsammani daga tsohon malamin makaranta, wato jawabi kan ilimi ko tarbiyyar yara. Na roƙi alfarma a bar ni bana in ratse hanya. Dalilina kuwa yana nan a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo filin nan ya ga motoci jere, kowacce ta ci doguwar hanya kafin ta iso, kuma jibi ko gata za ta koma ɗauke da mata da 'ya'ya da buhunan tsaraba. Mukan tambayi juna ƙarfin inji da shan mai da sanyin na'ura, amma da wuya ka ji wani ya tambayi ɗan'uwansa lafiyar birkinsa.

Ni ma haka nake, sai da na ji a jikina. Bayan na yi ritaya na sayi wata mota ta hannu. Da birkinta ya fara ƙara, na tsaya a wani shago na ce a ba ni takalmin birki. Mai shago ya ajiye mini kwali biyu, ya ce wannan kuɗinsa ya ninka wancan. Na ɗauki mai arahar, ina yaba wa kaina da iya tattali. Ba a yi wata biyu ba muka taso daga Jos za mu Akwanga, ni da uwargida da jikoki biyu. Muna cikin gangaren Hawan Kibo na ji wari kamar na ƙonannen roba, na taka birki na ji motar ba ta amsa yadda ta saba. Da ƙyar na mayar da ita ƙaramar giya, na lallaɓa ta zuwa gefen hanya. Da aka kwance tayar, sai ga takalmin ya ƙone ya yi santsi kamar gilashi. Kuɗin da na tsimi a shagon nan bai kai na buhun masara ba, ga shi na kusa biya da rayuka huɗu. Tun daga ranar na koma ɗalibi a hannun makanikai da littafin mota, kuma abin da na koyo shi na kawo muku.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Idan direba ya taka birki, man birki ne ke bin siraran bututu ya tura fistin da ke cikin wani mazugi na ƙarfe da makanikai ke kira kalifa. Kalifar nan sai ta matse takalma biyu a jikin wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Gogayyar da ke tsakaninsu ita ke mayar da gudun mota ya zama zafi, motar ta tsaya. Saboda haka an yi takalmin birki ne domin ya ci, kamar yadda aka yi alli domin ya ƙare a jikin allo. Birkin gaba shi ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin, domin nauyin mota gaba yake rinjaya idan an taka, shi ya sa takalman gaba ke riga na baya ƙarewa. Ƙananan motoci da yawa kuma ganga suke da ita a baya maimakon faifai, amma maganarmu ta yau a kan faifai ce.

Ku ba ni dama in yi ɗan lissafi, tun da hali zanen dutse ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan kuma gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai haɗiye da tazarar da mota za ta ci kafin ta tsaya sukan ninka sau huɗu ne. Takalmin da ya wadatar da kai a cunkoson cikin gari, inda ba ka wuce 40, yana iya ba ka kunya a babbar hanya da mota cike da kaya.

Yaushe ne lokacin canji? Sabon takalmi yakan zo da kaurin milimita 10 zuwa 12 na abin gogayya. Idan ya sauko zuwa milimita 3, a canza shi. Da yawansu suna da ɗan harshen ƙarfe da ke taɓa faifai ya yi tsuwa idan sun kusa ƙarewa. Wannan tsuwar gargaɗi ce, ba a rufe ta da ƙarar rediyo. Idan tsuwa ta koma gurnani kamar ana niƙa, to ƙarfe ne ke cin ƙarfe, faifan ma ya shiga uku. Idan sitiyari ko feda na karkarwa lokacin da aka taka, fuskar faifai ce ta daina daidaito. Idan mota na fizgewa gefe ɗaya, galibi kalifa ce ta maƙale. Idan kuwa feda ta yi laushi tana nutsewa, ko iska ta shiga man birki ko yana yoyo, kuma wannan motar ba ta hau hanya ba sai an gyara.

Yanzu ga zaɓen takalmi. Abu na farko, a tabbata na motar ne. Sunan mota kaɗai bai isa ba, domin Corolla ko Camry ko Accord ta shekara ɗaya tana iya zuwa da birki daban, gwargwadon girman injinta da ƙasar da aka yi ta dominta, ko Amurka ko Turai ko Japan. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ko a jikin ƙofar direba. Ku kwafe ta ku tafi da ita kasuwa, ku kuma riƙe tsohon takalmin domin a gwada. Duk makanikin da ya ce zai ɗan goge gefen sabon takalmi da zarto don ya shiga, ku ce masa a mayar, ba nata ba ne.

Abu na biyu, irin haɗin da aka yi shi da shi. Iri uku aka fi samu. Akwai mai taushi, wanda aka haɗa da zaruruwa da ƙaro. Ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma yana saurin ƙarewa kuma ba ya jure zafi mai yawa. Akwai mai haɗin ƙarfe, wanda ke jure zafi da nauyi, sai dai yana da ɗan ƙara da baƙar ƙura, yana kuma cin faifai fiye da sauran. Sai na siramik, mai shiru da tsabta da daɗewa, amma ya fi tsada. Wanda aikinsa daga gida zuwa ofis ne, na siramik ko mai taushi na kirki ya ishe shi. Wanda ke yawan doguwar tafiya da lodi, ko mai motar haya, ko mai bin hanyoyin duwatsu, mai haɗin ƙarfe ya fi dacewa da shi. Wanda ya rasa na zaɓa, ya nemi irin wanda kamfanin motar ya sa mata tun asali.

Abu na uku, inganci. Akwai kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Bosch da TRW da Brembo da Ferodo da Akebono. To amma mai jabu ma sunan da ya shahara yake bugawa a kwali. Don haka ku duba takalmin kansa: lambarsa da sunan kamfani su kasance a buge a bayansa, su dace da na kwali, abin gogayya ya zauna daram a kan ƙarfensa babu tsagewa babu giɓi. Kayan da aka yi don kasuwar Turai sukan ɗauki alamar R90, wadda ke nuna an gwada su kuma ƙarfin kamunsu bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba. Ku sayi kaya wurin mutumin da ke da shago tsayayye, wanda zai ba ku rasit kuma za ku same shi gobe. Idan farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai, ku tuna araha ba ta ado. Ba na hana kowa sayen fitila ko ƙofa ta hannu, amma takalmin birki na hannu, ko wanda aka liƙa wa sabuwar fuska a bakin titi, kada ya shiga motar da ke ɗaukar iyali.

Sai faifai. Ba kowane canjin takalmi ne ke bukatar sabon faifai ba, amma kowane canji na bukatar a auna shi. Kamfani yakan buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikin faifan, da haruffan MIN TH da adadin milimita. Ku sa makanike ya auna a gabanku. Idan ya kai wannan iyaka, ko ya tsage, ko ya yi kwari masu zurfi, a canza. Ana iya kankare fuskarsa a inji idan yana da sauran kauri, amma kowace kankara na rage shi, kuma siririn faifai saurin zafi gare shi. Sabon ya zama daidai da tsohon a faɗi da kauri da yawan ramukan noti. Faifan gaba galibi mai ɓawo biyu ne da hanyar iska a tsakiya domin ya huce, kada a musanya shi da marar hanya. Amma masu huji-huji da zane-zane da samari ke sha'awa, motar yau da kullum ba ta bukatarsu.

Ƙa'ida ɗaya ba ta da sassauci: takalmi da faifai hagu da dama ake canza su tare. Wanda ya canza ɓangare ɗaya ya bar ɗaya, ya sayi fizga ne da kuɗinsa.

Kaya mai kyau a hannun gaggawa ɓata shi ake yi, saboda haka ku tsaya a kan aikin. A wanke man da ke jikin sabon faifai, a kankare tsatsar mazauninsa, a tsabtace sandunan da kalifa ke zamewa a kansu a sa musu giris ɗin da aka yi don birki, kuma kada maiƙo ya taɓa fuskar takalmi. Kada yaran gareji su hure ƙurar birki da baki ko da iska, domin wasu tsofaffin takalma da marasa inganci na ɗauke da asbestos, wanda ke lahanta huhu. Bayan an haɗa, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin a motsa motar. Daga nan a nemi hanya marar cunkoso, a kai gudun 60 a rage zuwa 10 a hankali, kamar sau takwas ko goma, domin takalmi ya saba da faifai. A kilomita 200 zuwa 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi sai dole.

Ba zan sauka ba sai na taɓo man birki. Murfin tulunsa yana faɗin irin da mota ke sha, galibi DOT 3 ko DOT 4. Man nan yana tsotsar danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155, kuma man da ya tafasa ba ya tura fistin. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Zuba ruwan sabulu a madadinsa, ko toshe bututun baya da ƙusa don yana yoyo, kamar yadda wasu ke yi a tasha, ganganci ne da ran mutane. A gangare kuma a sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, kada a kwantar da ƙafa a kan birki, kada kuma a watsa wa faifai mai zafi ruwa.

Mai girma Shugaba, ina da roƙo biyu. Na farko, motar ƙungiya da ke kai marasa lafiyarmu asibiti a buɗe mata littafi, a riƙa rubuta ranar da aka duba birkinta da abin da aka sa mata. Na biyu, a taron baɗi a gayyato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da ƙwararren makanike daga cikin 'ya'yan garin nan, a duba motocinmu kafin kowa ya kama hanya. Ku kuma 'yan'uwa, kafin ku tashi jibi, kowa ya ba da rabin awa a cire taya a leƙa. Garin nan ya yi wahala kafin ya ilmantar da ku, yana kuma bukatar ku dawo baɗi cikakku.

 Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.