Matasa da labarin lafiya: hali da gidan da aka tashi



Labarin lafiya ya yi wa matashin Nijar yawa a yau. Gidajen rediyo, da WhatsApp, da mai tallar magani a tasha, da abokan hira a fada, kowa yana ba da nasa. Wanda zai ɗauka a ciki, abubuwa biyu ke yanke shi: halinsa da gidan da ya tashi.

Na farko, hali. Mai garaje da zarar saƙo ya shigo salularsa sai ya watsa. Mai haƙuri yakan tambayi wa ya faɗa, kuma me zai ci da faɗar. Akwai kuma mai kunya. Yarinyar da aka horar kada ta buɗe baki gaban manya ba za ta tambayi likita namiji zancen haila ko ciki ba, ƙawarta za ta tambaya. Haka saurayi mai ciwon sanyi yakan gwammace ƙwayar bakin hanya, domin mai tallar ba ya tambayar suna.

Na biyu, asali. Takardar da ke cikin kwalin magani da Faransanci take ko da Ingilishi, ɗan ƙauyen da bai yi lakkwal ba ta ina zai karanta ta? Sannan kowane gida da abin da ya gani. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa dubban ƴan Nijar allurar rigakafi ta jabu. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano, abin da ya ƙara wa jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a can a 2003. Yaron da ya tashi yana jin wannan a bakin iyayensa, in ya yi shakkar allurar korona, bai kamata a kira shi jahili ba.

Saboda haka aiki yana wuyan mahukunta. Tun da an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, wajibi ne bayanin magani ya fito da ita da sauran harsunanmu. A tanadi ma'aikata mata a asibitocin karkara, da ɗakin da matashi zai yi tambaya ba kunnen kowa. A kuma hukunta masu shigo da maganin jabu a idon jama'a, don sai sun ga hukunci matasa za su yarda da maganar hukuma.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.