IDAN AIKI YA TSAYA MAKA CIK, WA ZAI YI MAKA TAMBAYA?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa daga cikin masu hidima ya gabatar a wani zama na matasa. Mun kawo muku shi kamar yadda ya gabatar. 

  

Abin da aka nemi in yi magana a kai wani hali ne da da yawa daga cikinmu muke ciki amma ba mu faɗa. Ba maganar rashin aiki ba ce, wannan babi ne daban. Magana ce ta wanda yake da aikin, ko sana'ar, amma ta tsaya masa cik. Malamin firamare ne da ya shekara bakwai a mataki ɗaya. Tela ne da ya iya ɗinki tun tuni amma har yau yana kan keken maigidansa. Ma'aikacin ofis ne da zai sa hannu da safe ya zauna yana duban agogo har a tashi. In ka tambaye shi ya aiki, sai ya ce da godiya, alhali kuwa a zuciyarsa ya daɗe da barin wurin, gangar jiki ce kawai take zuwa.

Wannan hali ba a nan kaɗai yake ba, kuma ba lalaci ba ne kamar yadda wasu suke ɗauka. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da yake samun mutum saboda matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta kawo alamominsa guda uku: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, sai zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa ganin komai na wurin banza ne, sai kuma ƙwazonsa ya ragu. Kowa ya auna kansa da waɗannan ukun.

Haɗarin abin shi ne shekaru. Ɗan shekara ashirin da biyar zai ce bari dai in ga abin da Allah zai yi, kafin ya farga ya kai talatin da biyar, ga iyali, ga haya, ga ɗacin rai. Daga nan wani ya koma mai faɗa a gida, wani ya sayar da keken ɗinkinsa ya nufi Agadas da niyyar tsallaka sahara, wani kuma ya zuba ɗan abin da ya tara a hannun masu cewa za su ninka masa kuɗi a wata guda. Duk ba don sun yi tunani sun zaɓa ba, sai don zaman ya ishe su.

To mene ne mafita? Abin da muka saba shi ne shawara, kuma shawara aba ce mai kyau. Amma ku lura, wanda aiki ya tsaya wa ba shawara ya rasa ba. Baffa ya ce ya yi haƙuri, aboki ya ce ya ajiye aikin, na majalisa ya ce ya koma makaranta. Kowa ya faɗi tasa, babu wanda ya tsaya ya tambaye shi: kai me kake so? A nan ne nake son in kawo muku wata hanya da ake kira aikin koci.

Kalmar koci mun san ta a filin ƙwallo, kuma daga fagen wasa abin ya samo asali. Akwai wani Ba'amurke, Timothy Gallwey, wanda ya taɓa zama kyaftin na 'yan wasan tanis a jami'ar Harvard, daga baya ya koma koyar da wasan. Sai ya lura cewa duk lokacin da ya cika wa ɗalibi kunne da umarni, riƙe haka, tsaya haka, sai wasan ɗalibin ya ƙara lalacewa. In kuwa ya yi shiru ya ce masa kawai ya lura da ƙwallon, sai hannu ya gyaru da kansa. A 1974 ya fitar da littafi a kan haka, inda ya nuna cewa babban abokin karawar ɗan wasa ba na ɗaya ɓangaren ragar ba ne, muryar da take cikin kansa ce, mai tsorata shi da kushe shi.

Sai wani Bature ɗan Ingila, John Whitmore, ya ɗauki abin ya kai shi wuraren aiki. Shi kansa darasi ne. Direban tseren motoci ne, ya ci gasar Birtaniya a 1961, ya ci ta Turai a 1965, amma a 1966, bai cika shekara talatin ba, ya ajiye tseren, daga baya ya shiga neman ilimin halayyar ɗan Adam har ya yi karatu a wajen Gallwey. Ya ba da labarin wani lokaci da masu koyar da tanis suka yi musu ƙaranci, sai suka ɗauko masu koyar da wasan zamiya a kan ƙanƙara, waɗanda ba su ƙware a tanis ba, suka sa su aikin. Da yake ba su da umarnin da za su bayar, sai suka koma yi wa ɗalibai tambayoyi, kuma aikin ya tafi daidai. A 1992 Whitmore ya wallafa littafin da ya yaɗa tsarin da ake kira GROW, wato tambayoyi huɗu a jere.

Kafin in kawo su, mu bambance koci da waɗanda muka sani. Malami yana ba ka ilimin da ba ka da shi. Ubangida yana koya maka sana'a, ya tsaya maka, wata rana ya yaye ka ya ba ka jari. Shi koci ba ya ba ka ko ɗaya. Nasa shi ne ya zauna ya saurare ka, ya yi maka tambayar da kake gudu, sannan ya riƙe ka a kan abin da ka faɗa da bakinka. Dalili kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambaya ta farko: me kake so? A ƙaddara tela ne a gabanka. Zai ce, ina son in ci gaba. Wannan ba amsa ba ce. Sai ka ce, Malam, in an ce ka ci gaba nan da shekara guda, me zan gani da idona? Ka yi shiru ka jira, har ya ce, ina son in ga kaina a shagona da keke biyu. Yanzu an sami buri mai kai da ƙafa.

Ta biyu: ina kake yanzu? Nan ake ajiye ƙorafi a ɗauko lissafi. Nawa kake samu a mako? Nawa kake ajiyewa? Mutum nawa ne suke zuwa shagon suna neman ka kai da kanka? Ka taɓa yi wa maigidanka maganar yaye, ko kuwa a zuciyarka kawai ka yanke cewa ba zai yarda ba? Sau da yawa a nan ne mutum yake gano cewa katangar da ya shekara biyar yana kallo bai taɓa ko taɓa ta ba.

Ta uku: waɗanne hanyoyi ne a gabanka? Wanda ya gaji hanya biyu kawai yake gani, ko ya zauna ko ya gudu. Aikin koci shi ne ya yi ta cewa, sai kuma me? Har su kai biyar ko shida: ya shiga adashi, ya haɗa shago da wani, ya koyi aikin surfani ya ƙara a kan ɗinkinsa, ya nemi ɗinkin kayan makaranta, ya nemi wani dattijo ya shiga tsakaninsa da maigidan.

Ta huɗu, kuma ita ce gishirin: wanne za ka yi, kuma yaushe? Ba wata rana ba. Ranar Laraba bayan la'asar zan sami maigidana. Sai koci ya rubuta, ya ce in Allah ya kai mu Juma'a zan tambaye ka. Wannan jiran tambayar shi ne yake tashin mutum daga kan benci.

Wani zai ce, to ni ba barin aikina zan yi ba, ma'anarsa ce ta ɓace mini. Akwai binciken da wata malama a Amurka, Amy Wrzesniewski, ta yi da abokan aikinta a 1997. Sun tambayi ma'aikata kusan 200, sai suka ga sun kasu kashi uku kusan daidai: masu ganin aikinsu hanyar cin abinci ce kawai, da masu ganinsa tsani ne na hawa muƙami, da masu ganinsa hidima ce da suke jin don ita aka yi su. Abin mamaki, har a cikin masu aiki iri ɗaya an sami kashi ukun. Daga baya ita da Jane Dutton suka duba masu sharar asibiti. Wasu shara kawai suke yi su tafi. Wasu kuwa suna lura da majinyacin da ba a zo dubiya ba su tsaya su gaishe shi, suna ɗaukar kansu cikin masu jinya. Tsintsiya ɗaya, albashi ɗaya, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Ka ga ke nan wani lokaci ba wurin za a canza ba, yadda ake yin aikin ne, da sanin wa yake amfana da shi. Malamin firamaren da ya ɗauki yara biyar da ba su iya karatu ba ya ce sai sun iya kafin hutu, ya dawo wa aikinsa da rai tun kafin takardar ƙarin girma ta zo.

Amma 'yan uwa, kada mu yaudari kanmu. Tambaya ba ta biyan albashin da aka riƙe, ba ta sauke farashin masara. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda rayuwa ta koma, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 mun san inda yake ƙarewa a wata. Koci ba ya kawar da zalunci. Abin da yake yi shi ne ya raba maka abin da yake hannunka da wanda ba ya hannunka, don kada na biyun ya cinye na farkon.

Sai kuma gargaɗi biyu. Na ɗaya, wannan fage ne da kowa zai iya wayar gari ya kira kansa koci. Akwai ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya da aka kafa a Amurka a 1995, tana ba da takardar shaida, amma ba ta da ikon hana kowa amfani da sunan. Saboda haka duk wanda ya tara ku a zaure ya karɓi kuɗi ya yi muku alkawarin arziki cikin kwana talatin, ko ya ƙare da tallan wata haja, ku kama gabanku. Na biyu, koci ba likita ba ne. Wanda ya daina barci, ya daina cin abinci, ko ya fara tunanin cutar da kansa, a kai shi wajen likita, irin na asibitin Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano. Babu abin kunya a ciki.

Abin da nake kira gare shi mai sauƙi ne, kuma ba ya bukatar ko kwabo. Kowa ya nemi ɗan uwa guda mai riƙon amana, wanda ba maigidansa ba ne kuma ba ya bin sa bashi. Ku sa awa ɗaya duk bayan mako biyu, rabi naka rabi nasa. Ku zo da littafi da biro. Mai tambaya ya kama bakinsa daga cewa in ni ne, domin ba shi ba ne. Abin da aka faɗa a zaman ya tsaya a zaman, kada a ji shi a majalisa. Kada a tashi sai kowa ya faɗi abu guda da zai yi da ranar da zai yi shi. Ku gwada wata uku, sannan ku duba littafin ku ga inda kuka faro.

Nan zan dakata. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya buɗa wa wanda yake cikin ƙunci, ya haɗa mu da abokan da za su gaya mana gaskiya.