Abin da Rediyon Karkara ke da Ikon Watsawa

Ƴan uwana ma'aikatan rediyo da kuka taso daga Agye, Gazawa da Gidan Rumji zuwa nan Gangara, sannunku da hanya.

Tun da aka buɗe rediyon karkara ta farko a Bankilare a 1999, kukan masu tasha bai wuce na wuta da kayan aiki ba: batir ya mutu, na'urar watsawa ta ƙone. Akwai damuwa ta biyu da ba a cika faɗa ba. Idan an kunna tasha, me za a sa?

Kun san yadda ake yi. Mai gabatarwa yana zaune a ɗan ɗakinsa, an gama sanarwar suna da ta ɓatan akuya, da sauran awa biyu, sai ya zaro katin mamori ya saki Shata. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma waƙoƙinsa suna da magada. Don irin wannan haƙƙi aka kafa ofishin BNDA a Yamai. Talaucin tasha ba ya halatta mata gumin wani.

To amma akwai abin da ƙofarsa take buɗe. Nana Asma'u ta rasu a 1864. Ba wanda za a nemi izininsa kafin a rera waƙoƙinta. Sai dai a lura, in wani ne ya rera aka naɗa, muryarsa tasa ce. Ku samo malama a garinku ta rera muku. Akwai kuma lasisin Creative Commons, wanda ya fito a 2002, inda mai abu da kansa yake cewa a ɗauka, a kwafa, a watsa, muddin za a ambaci sunansa. A kan irin wannan lasisi Wikipedia ta Hausa take. Ƙungiyar Farm Radio International ma tana ba ƴan rediyo rubutattun shirye-shiryen noma kyauta, har da na Hausa.

Duk wannan daga waje yake zuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne namu. Masana daga ƙasashe da dama sun zo Ɗan Saga don su ga sassaben zamani: yadda manomi yake barin tohon kututture a gonarsa, ya zaɓi rassa masu ƙarfi, ya datse sauran, har gawo da kalgo su sake tsayawa cikin hatsi. An rubuta wannan da Faransanci da Ingilishi, alhali manomin da ke nesa kaɗan da nan bai taɓa jin bayanin daga bakin mai wuƙar ba.

Ku je ku naɗo manoman Ɗan Saga. Kafin tsoho ya fara magana, ku tambaye shi a gaban makirufo: Baba, ka yarda kowace tasha ta sa wannan, ta faɗi sunanka da garinka, ba ta biya ba? In ya ce a'a, ku bar masa abinsa. In ya yarda, amsarsa ta zauna a farkon faifan, ta bi shi duk inda ya je. Sannan ku tura wa tashoshin Tasawa da Mayahi ta WhatsApp, ku nemi su ma su turo muku nasu, kafin a fara sharar gona ta bana.